Zuwa ga Babana, a kan gogen kakanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kana kuma riƙe da sallarka. Mu nan Bauchi lafiya lau muke, sai ƙafar nan tawa da ke motsawa duk lokacin da hunturu ya shigo. Abbanku yana gaishe ka.

Ƙanwarka ta nuna mini bidiyon da aka ɗauke ka kana kaɗa jita a wurin nan na Abuja. Sau uku na kalla. Ban fahimci waƙar sosai ba, amma na ga yadda kake karkatar da kai hagu, ka runtse ido, ka ɗan cije leɓe idan sautin ya hau. Sai da na ajiye wayar na shiga ɗaki, domin haka Baba yake yi, kai kuwa ba ka taɓa ganinsa ba. Ya rasu da shekara biyar kafin a haife ka a sa maka sunansa.

Na kuma ji saƙonka na murya. Ka ce sun ba ka dare uku a mako, kana tunanin ajiye aikin ofis, kuma kana so in aiko maka da gogen da ke cikin akwatina ka rataye a inda kake wasa, saboda kiɗa gadonka ne. Ban amsa a waya ba don na san kuka zai rigaye ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda ka kira gado, bari in buɗe maka shi duka ka gani, da abin da ke faranta rai da wanda mu 'ya'yansa muka yi shekaru muna rufewa.

Kakanka ba ɗan gidan makaɗa ba ne. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. A 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai Turawa suka juyo kan tsaunukan Jos. Aka ɗora wa sarakuna da dagatai su kawo mutane haƙar kuza ko suna so ko ba sa so. Shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, ya kuma ci gaba har 1944. Baba yana saurayi ɗan shekara goma sha bakwai aka haɗa da shi. Yakan ce abin da bai taɓa mantawa ba shi ne sanyi. Mutumin da ya taso a zafin ƙasar Hausa, aka kawo shi bisa dutse da 'yar taguwa ɗaya, ya yini cikin ruwan rami da kwanon laka a ka, heluma, wato shugaban leburori, na tsaye a kansa, ya kwana a bukkar da iska ke ratsawa. Ya ce akwai safiyar da ya tashi ya taɓa na kusa da shi ya ji ya sandare.

A barikin nan akwai wani tsoho Bagobiri mai goge. Baba ya fara da ɗebo masa ruwa da riƙe masa ƙwarya, daga nan ya zama ɗan amshi, daga nan tsohon ya fara miƙa masa gogen idan hannunsa ya gaji. Da wa'adin Baba ya cika, 'yan garinsu suka koma gida, shi bai koma ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ranar da ya fara goga izga a kan tsagiya, ya ga ƙattin da suka yini ana zaginsu sun miƙe suna taka rawa suna dariya, ya san ya sami abin da zai raba kansa da kwano. Ban taɓa ganin laifinsa a nan ba. Goge ne ya fid da shi daga rami.

To amma ina gogen ya kai shi? Nan ne kai ba ka sani ba. Hoton nan da kake so, wanda yake zaune da hula zanna da babbar riga da goge a cinya, a gidan hoto aka ɗauke shi, rigar ma aro ce. Wurin aikinsa na gaskiya gidan magajiya ne.

A zamanin, ranar Asabar ake biyan lebura a barikokin kuza. Kafin la'asar kuɗi sun shiga hannu, kafin magariba an share tsakar gidan magajiya an yayyafa ruwa, an hura fitilar gas an rataye a kan sanda. Gefe guda tulunan burkutu, gefe guda tabarmar 'yan karta da mai karɓar la'adar caca, ɗakunan matan gidan a jere a baya. Mai goge yana tsakiya a kan buzu, 'yan ƙwarya a bayansa. Aikinsa shi ne kada kowa ya tashi ya tafi da sauran kwabo a aljihu. In an fara watsewa, magajiya ta ɗaga masa gira, ya canja taki, ya kama sunan wani mai ɗan nauyin aljihu ya wasa shi, ya ambaci garinsu da uwarsa da budurwarsa, har mutumin ya taso ya manna masa sisi ko sule a goshi, ya kuma sa a zuba wa jama'a. Kafin asubar Lahadi, guminsu na kwana shida ya koma hannun mutum uku ko huɗu. Litinin su koma rami da bashi. Baba da bakinsa ya gaya mini, bayan ya tsufa, cewa wannan ne ya fi damunsa: yana sane da cewa da gogensa ake tatse mutanen da ya fi kowa sanin wahalarsu. Ba banza ba ake ce wa bariki lahirar makwaɗaita, ake kuma yi wa goge kirari da kan bidi'a.

Haka ya zaga Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa, Gana Ropp, duk inda aka ce kuɗi sun faɗo. A farkon shekarun 1950, da farashin kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ya tashi, ya ce har mai ɗaukar kwano yana sayen keke. A lokacin ya auri Inna ya zaunar da ita a Bukuru, inda aka haife mu.

Lokacin da na yi wayo, zamani ya ɗan juya. An sami otal-otal da gidajen rawa a cikin Jos da Bukuru, masu wutar lantarki da kujerun ƙarfe da kwalabe maimakon ƙoƙo. A gaba, inda akawuna da ma'aikatan reluwe da sojoji ke zama, 'yan hailaif ne da ƙahoninsu da gangunan Turawa. A baya, tsakar gida, wajen direbobin manyan motoci da 'yan kwangilar kuza da mahauta, nan ake shimfiɗa wa mai goge. Sau ɗaya na taɓa shiga, ina 'yar shekara tara, Inna ta aike ni da rana in karɓo kuɗin cefane saboda kwana biyu bai dawo ba. Har yau in na ji warin tsamin giya haɗe da toka, wurin nake gani. Bango fentinsa shuɗi ya ɗaɗɗaye, an zana wata mace da kwalba a hannu. Kwata ta bi ta tsakiyar gida. Wata mata tana wanke kofuna a baho, fuskarta a kumbure gefe guda. Baba yana barci a kan benci, ya rungume gogen a ƙirji kamar jariri don kada a sace. Matar nan ce ta tashe shi, ta kuma ba ni ƙosai a takarda, ta ce in gaida Inna, kada in sake zuwa. Ina yi mata addu'a har gobe. Ka riƙe wannan: matan da za ka gani a irin wuraren nan kowace 'yar wasu ce, kuma yawancinsu wata wuta ce ta koro su. Kada ka raina su, kada kuma ka mai da su abin hutawarka.

Akwai alheri a rayuwar nan tasa, ba zan ɓoye maka ba. Yana da aboki Inyamuri mai busa ƙaho irin na 'yan badujala a gaban otal ɗin. In dare ya raba, jama'a sun ragu, sai ya zagayo baya su haɗa, ƙaho na tambaya goge na amsawa. Mutumin yakan zo gidanmu ran Lahadi ya ci tuwon Inna da hannu. Da rikicin 1966 ya ɓarke, aka shiga kashe mutanen Gabas a garuruwan Arewa har da Jos da Bukuru, Baba ya ɓoye shi kwana biyu a ɗakin da muke tara itace, sannan ya raka shi tashar jirgi cikin dare sanye da rigarsa da hularsa. Ya bar ƙahonsa a wurinmu, ya ce zai dawo ya karɓa. Yaƙi ya ƙare a 1970, Baba ya yi ta zuba ido. Duk shekara sai ya fito da ƙahon ya goge shi da toka da lemun tsami ya mayar. Har ya bar duniya mai shi bai zo ba. In kana neman abin da za ka yi alfahari da shi a kan kakanka, ga shi nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina da ƙane da ba ka taɓa jin labarinsa ba, don ba ma ambatonsa. Yana da shekara uku ƙyanda ta kama shi. Wani daren Asabar numfashinsa ya fara sama-sama, Inna ta tashi kawunka, yana ɗan shekara goma sha biyu, ta ce ya ruga ya kira Baba a kai yaron asibiti, domin ba ta da ko taro a hannu. Kawunka ya je ya tarar wuri ya cika maƙil. Wani ɗan kwangila ya sayar da kuza, ya sayi daren gaba ɗaya, yana zaune da mutanensa, takardun fam na zuba a gaban Baba. Kawunka ya kutsa ya raɗa masa a kunne. Baba ya sassauta hannu zai miƙe. Mutumin ya daka tsawa, ya ce shi ya biya kiɗa har asuba, wa ya isa ya katse masa. Mai otal ya matso ya tuna wa Baba bashin da ke kansa na abin sha da na ɗaki, ya ce in ya fita yau kada ya dawo, kuɗin da ke ƙasa kuma ba a taɓa su sai an tashi. Yaran ɗan kwangilar suka tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ce wa kawunka ya je, ga shi nan tafe. Ya koma ya zauna ya ci gaba da gogawa.

Ya shigo gida ana kiran assalatu, aljihu cike da kuɗi. Inna ta riga ta rufe yaron da zanenta.

Ina kwance a bayan ƙyaure, ina gani. Bai yi kuka ba. Ya zazzage kuɗin a ƙasa ya zauna yana kallonsu. Inna ba ta ce masa uffan ba, a ranar da kuma bayanta; ta ci gaba da dafa masa abinci da wanke masa kaya shekara ashirin da wani abu, amma ban sake jin ta yi dariya da shi ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ko da ya zo a kan kari, abin da Allah Ya rubuta sai ya auku. Shi ma ya sani. Amma ya ce mini, yana kwance a ciwon ajalinsa, ba mutuwar yaron ce ke hana shi barci ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ya koma ya zauna. Ya ce ƙofa ba a kulle take ba, da ya ajiye gogen ya nufe ta da gaske, da wuya a ce an kashe shi. Bashi da tsoron rasa wurin zama da daɗin tafi su suka riƙe masa ƙafa.

Babana, abin da nake tsoro a kanka ke nan. Ba jitar nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da za a wayi gari ba ka da ikon ajiye ta ka ce ya isa, zan tafi. Wurin da kake wasa yana da na'urar sanyaya ɗaki da fitilu masu launi da masu gadi sanye da baƙaƙen kwat, na gani a bidiyon. Amma tsarin bai canja ba. Mai wurin abin sha yake sayarwa, kai kuma an ɗauko ka ne don mutane su daɗe a zaune su ƙara saye. Mai kuɗin da ke teburin gaba yana ganin da kiɗan da makaɗin duk ya saya. In ka san haka ka shiga da idonka biyu, da sauƙi. In ka ɗauka don ƙaunarka suke tafi, za a tashe ka daga barci ranar da wani yaro ya zo da sabon salo.

Shi ya sa ban yarda ka ajiye aikin ofis ba, ko da albashin bai kai abin da kake samu a dare biyu ba. Albashin nan shi ne ƙafarka ta fita. Mutumin da ke da abin da zai ci ran Litinin yana iya duban mai kulob ya ce masa a'a ran Asabar. Kakanka bai da wannan. Kuma kada ka karɓi komai bashi daga gidan da kake wasa, ko kwalbar lemo ce, ko kuɗin mota, ko ɗakin kwana. Da ƙananan abubuwa ake ɗaure makaɗi. Abin da za a biya ka a rubuta shi a takarda, da ƙarfe nawa za ka fara da ƙarfe nawa za ka tashi, kuɗin liƙi kuma a faɗi na wane ne tun kafin a zuba. Wayarka ta zauna a kunne a kusa da kai. In ka ga kiran gida cikin dare, ka ajiye jitar ko a tsakiyar baiti ne.

Sai batun wasa mutane. Na ji a ƙarshen bidiyon kana kiran sunan wani kana ce masa mai gayya mai aiki, yana watsa maka kuɗi. Ka san shi? Ka san inda ya samo? Baba ya wasa mutanen da daga baya aka gane ɓarayin kuza ne, ya wasa wanda ya saki matarsa da 'ya'ya biyar a kan wata ta bariki, ya wasa ɗan siyasar da ya sa aka ɗaure maƙwabcinmu a zamanin jam'iyyun NPC da NEPU. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Da ya daina kiɗa ya koma kasa goro a bakin tasha, waɗannan mutanen suna wucewa a mota, ko ɗaga hannu babu. A zamaninsa ma waƙar tana mutuwa da daren. Taka tana zaune a intanet, jikokinka za su gani.

Abin da za a miƙo maka don muryarka ta buɗe ko barci ya gudu, ba sai na tsawaita ba. A zamanin Baba burkutu ne da ogogoro da ƙwayar da direbobi ke haɗiya. Ya fara ne da kurɓi ɗaya don sanyin Jos, ya ƙare hannunsa ba ya tsayawa a kan tsagiya sai ya sha. A naku zamanin shisha ce da tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun 2018 amma bai ɓace ba. Kai mai ilimi ne, ka fi ni sanin aikinsu a jiki.

Akwai kuma wata asarar da har yau take mini ciwo. Wasu mutanen kamfanin faifai sun taɓa zuwa da na'urarsu suka ɗauki Baba waƙa huɗu a ɗakin wani otal. Suka ba shi 'yan fam a hannu da kwalin taba, suka sa ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Shekaru muna jin gogensa yana tashi daga garmaho a shagunan teloli da wurin masu shayi, daga baya aka juye a kaset ana sayarwa a kasuwa, ko kwabo bai sake gani ba. Mu kanmu ba mu da kofi ko ɗaya. Muryar mahaifina tana wani wuri a duniyar nan, ni ba ni da ita. Kai ka iya karatu, kuma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Kada ka sa hannu a takardar kowa sai lauya ya karanta maka, ko da mai takardar abokinka ne, kuma duk abin da ka rera ka ajiye asalinsa a hannunka.

Za ka ce ai akwai waɗanda kiɗa ya ɗaukaka. Gaskiya ne. Dan Maraya ɗan Bukurunmu ne, an haife shi a 1946, da ɗan kuntiginsa ya zaga duniya, ya rasu a 2015 da mutuncinsa. Mamman Shata Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ba na musun baiwarsu, ina ma jin daɗin a ambace su. Sai dai ni na taso a cikin sauran, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Na san masu goge da masu kukuma da 'yan ƙwarya da yawa da suka zauna a zaurenmu, hannunsu ba ya baya ga na kowa, aka yi musu karo-karon likkafani. Kuɗi kuwa sun ratsa hannunsu. Bayan an canja kuɗi zuwa naira a 1973, sai ga kuɗin Udoji a 1975, ma'aikata suka sami bashin albashi a dunƙule, gidajen rawa suka cika har ranar aiki. Baba ya ce bai taɓa ganin kuɗi kamar na shekarar ba. Da shekara ta zagayo, gidan haya muke ciki, kuɗin makarantata ma wata gwaggo ce ta biya da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Makarantar ma ban sha da daɗi ba. 'Yar mai goge, haka ake kirana tun daga allo har kwalejin horon malamai mata. Akwai gidajen da ba a bari 'ya'yansu su ci abinci a kwano ɗaya da ni. Da Abbanku ya zo neman aurena, danginsa sun yi wata shida suna ja, suna cewa ba a haɗa jini da maroƙa, sai da mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya tsawatar. Na yi shekaru ina jin kunyar mahaifina, in an tambaye ni sana'arsa in ce ɗan kasuwa ne. Wannan kunyar ita ce abin da na fi nadama a rayuwata, domin ya sani, kuma bai taɓa nuna mini ya sani ba. Ba na so ka gaji kunyata, kamar yadda ba na so ka gaji zamansa a kan buzun nan.

Ya ajiye goge ne wajen shekarar da aka kafa Izala a Jos, 1978, lokacin da wa'azin Shaikh Isma'ila Idris da almajiransa ya cika gari, ana sukar bori da kiɗan gidan magajiya a lasifika. Mutane suka ce wa'azi ne ya kama shi. Wa'azi ya taimaka, amma ni na san tun daren ƙanena yake neman ƙofa, shekara goma yana nema. Ya shiga makarantar dare yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya zauna cikin yara da allonsa, ya fara daga baƙi. Wasu suka ce ya ƙona gogen, ya ƙi. Ya ce icce da ƙwarya ba su yi masa laifin komai ba. Ya naɗe shi a farin ƙyalle ya sa a akwati. Ya sauke izu goma kafin idonsa ya raunana.

Game da hukuncin kiɗa a addini, ni malamar firamare ce, ba ni da fatawa. Na san malamai da yawa sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Ka je ka zauna gaban malamin da kake jin nauyinsa, ka faɗa masa gaskiyar wurin da kake wasa da abin da ake sayarwa a ciki, kada ka tambaye shi rabin tambaya don ka sami rabin amsar da kake so. Abin da na sani da idona shi ne wanda ya kwanta ƙarfe huɗu na dare, asuba tana yi masa nauyi, kuma daga asuba ake fara zarewa. In kiɗan ne a jininka, akwai ɗakin ɗaukar sauti, akwai biki da rana, akwai sautin fim, akwai koyar da yara. Ba dole sai inda ake sayar da dare ba.

Ranar jana'izarsa mun zaci mutum ashirin ba za su taru ba. Sai ga tsofaffi suna ta sauka daga motocin Barikin Ladi da ƙauyukan bayan Bukuru, wasu da sanda, wasu ba haƙori, tsofaffin leburorin kuza, Hausawa da Birom da Tibi da Barebari, Musulmi da Kirista. A lokacin kuza ta riga ta faɗi tun rushewar kasuwarta a 1985, kamfanoni sun watse sun bar kududdufai. Wani daga cikinsu ya riƙe hannun kawunka ya ce, a shekarun da ba wanda ya san sunansu sai lambar da ke takardar akawu, mahaifinmu ne kaɗai ke kiran sunan kowa da na garinsu a gaban jama'a. Na tsaya a bayan labule ina ji. A ranar na daina cewa ɗan kasuwa ne.

Gogen yana nan. Da rikicin Janairun 2010 ya iso Bukuru muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, na bar kwanukan aurena na ɗauko shi da takardun makarantarku. Ƙahon abokinsa ya ƙone da gidan. Jiya na buɗe ƙyallen na duba. Ƙwaryar lafiya lau, fatar guzan ta ɗan tsage a gefe, tsagiyar ta tsintsinke saura 'yan silli, jakin ya ɓace, amma ɗan ƙullin ƙaron da Baba yake shafa wa izga yana nan a ɗaure a wuyan gogen, da shatin babban yatsansa a jiki.

Ba zan sa shi a mota in aiko ba, kuma ba za a rataye shi a bangon da ake shan giya a ƙarƙashinsa ba. Ya yi zaman irin wannan wuri shekara talatin da biyar, ya isa. Naka ne, ba na kowa ba, amma sai ka zo da ƙafarka. Ka ɗauki hutu da ƙaramar salla ka kwana biyu. Mu je Bukuru tare in nuna maka kabarinsa da na ƙanena, suna kusa da juna, sannan ka zauna da kawunka, shi da ya shiga otal ɗin a daren, ya ba ka nasa labarin, don akwai abin da ya gani da ni ban gani ba. An ce mini akwai wani dattijo a bayan kasuwar Muda Lawal da har yanzu yake ɗaura tsagiya, zan sa a tambayo. Ka taho da jitarka, ina so in ji ka a tsakar gidana da rana.

Kafin nan kada ka miƙa takardar barin aiki. Ka kira Abbanku ran Juma'a, ya fi ni damuwa, bai dai iya faɗa ba ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya jiƙan mai sunanka.

Ummanka.